Hanyar Ɗan Issa: Idan Mota Ta Mutu Ta Ƙi Tashi

Daga Maraɗi zuwa Ɗan Issa tafiyar kimanin kilomita 40 ce a kan kwalta. Daga nan sai iyaka, sai Jibiya, sai Katsina. Tafiya ce wadda ba ta isa a yi mata guzuri ba. Duk da haka, wanda ya saba bin wannan hanya ya san abin da ido ba ya rasa gani a kanta: mota a gefen titi an ɗaga murfin injinta, an karyo rassan itace an jera a kan kwalta don gargaɗin masu zuwa, fasinjoji sun watse neman inuwa, direba da yaronsa kuwa sun cusa kawunansu cikin inji, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce buji ne, na uku ya ce a tura kawai.

Al'amarin ya wuce ɓata lokaci. Ɗan kasuwar da ya ɗauko tumatir ko awaki, kowace sa'a da ya yi a rana ragi ce a cikin jarinsa. Ma'aikacin gwamnatin da ya yi shekaru yana tara kuɗin mota, gyara ɗaya na kuskure yana iya cinye masa albashin wata. Bayan wannan kuma akwai maganar dare. Tun wajen 2019, lokacin da dubban ƴan gudun hijira suka kwararo jihar Maraɗi daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, ƴan bindiga masu satar shanu da mutane sun sa mazauna gundumar Madarunfa ba sa son magariba ta riske su a daji. Saboda haka sanin abin da ya kashe mota cikin rabin sa'a, maimakon rabin yini, ya zama abin da ya shafi dukiya da rai baki ɗaya.

Abin da ƙwararrun makanikai suka fi kowa da shi a nan shi ne tsari. Injin isansi, wanda maƙwabta ke kira fetur, abu huɗu yake bukata kafin ya tashi: abin da zai juya shi, tartsatsin wuta a kan lokaci, mai gauraye da iska, da matsi a cikin silinda. Tun 1876, da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya ƙera injinsa mai bugu huɗu, wannan ƙa'ida ba ta canza ba. In mota ta mutu ta ƙi tashi, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya ɓace. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai kama ɓarawon. Wanda ya shiga sayen kaya da ka, sai ya canza abu uku masu lafiya kafin ya dace da na huɗu.

Kunne kafin sufana

Tambayar farko da makanikin kirki ke yi wa direba ita ce: yaya ta mutu? Amsar tana rage rabin aiki. Motar da ta ɗauke farat ɗaya, kamar an murɗe makulli, galibi wuta ce ta yanke mata. Wadda ta yi ta tari, tana fizga tana saki, ƙarfinta na raguwa kafin ta tsaya, mai ne ya daina isowa. Wadda fitilar batir ta kama a gaban direba tun da nisa, fitilunta suka yi ta dushewa, to na'urar cajin batir ce ta daina aiki, ko kuwa bel ɗin da ke juya ta ya tsinke, motar ta ci abin da ke cikin batir har ya ƙare. Amma wadda allurar zafinta ta hau sama, ko fitilar baƙin mai ta kama, ko aka ji ƙwanƙwasa daga cikin inji kafin ta mutu, wannan ba a sake taɓa makullinta sai an duba ruwa da baƙin mai. Tilasta mata tashi shi ke mayar da ƙaramin gyara ya koma sauke inji.

Tambaya ta biyu makulli ne ke amsa ta. A murɗa a saurara. In aka ji shiru, ko wani ɗan ƙas-ƙas, fitilun gaban direba kuma suka dushe, batir ya yi sanyi ko kuwa kawunansa sun yi sako-sako, ko farin gari ya ci su. A kan wannan hanya mai gargada, sau da yawa ɗaure kan batir da goge shi ya wadatar. Batir mai cikakken caji yana nuna wajen volt 12.6 a ma'auni, in inji na aiki kuma ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In fitilu sun tsaya da haskensu amma inji bai motsa ba, sai a tuhumi dimarer. Sai dai a lura da abu guda wanda direbobi da yawa ke mantawa: dimarer ba ya kashe motar da ke tafiya, aikinsa tayarwa ne kurum. In mota ta mutu a kan gudu, ko da an sami dimarer da laifi, akwai wani mai laifin da ya riga shi.

In kuwa inji ya juya da sauri fiye da yadda aka saba, sakayau kamar babu nauyi a kansa, wannan mummunan labari ne. Alama ce matsi ya tafi, kuma mafi yawan lokuta bel ɗin da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin ne ya tsinke. A injuna da dama, in haka ta faru fistin na dukan bawul ya lanƙwasa su. Nan sai haƙuri da neman igiyar ja.

Saura hali na uku, wanda ya fi yawa: inji na juyawa lafiya lau, amma ya ƙi kamawa. A nan ne gardama ke tashi tsakanin wuta da mai. Kafin a raba ta, a tuna kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere. Mai naci yakan ƙarar da batir, ya ƙona dimarer, ya tara wa kansa ciwo biyu a kan na farko.

Wuta

A garejin bakin iyaka harshe biyu ake ji. Abin da mutumin Maraɗi ke kira buji, na Katsina fulogi yake ce masa. Bobin a nan, kwil a can. Amma gwajin ɗaya ne. A zare wayar buji guda, a sa mata wani buji na ajiya, a jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da inda mai yake, wani ya murɗa makulli. In aka ga tartsatsi shuɗi mai ƙara, wuta na nan. In ja ne mai rauni, ko babu shi sam, an sami hanyar bi. Ba a riƙe waya da hannu, domin bobin yana ɗaga volt 12 na batir ya kai shi dubbai masu yawa, fiye da 10,000.

Tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma yi ta harhaɗa ta a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, suna raba wuta ta hanyar delko. A cikinsa akwai wasu ƴan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, waɗanda tazararsu ba ta wuce kimanin milimita 0.4 ba. In suka ƙone ko suka manne, wuta ta yanke. Murfin delko kuma in ya tsage, ko raɓa ta shige shi da damina bayan an ratsa ruwa, tartsatsin sai ya bi wata hanya. Tsumma busasshe da ɗan yashin takarda sun sha tayar da motar da aka yi niyyar kai wa gareji a ja.

Akwai kuma wata cuta mai rikita mutane: mota ta yi tafiya ta yi zafi ta mutu, a bar ta rabin sa'a ta tashi kamar ba ita ba, a yi gaba kaɗan ta sake. Wasu har sukan danganta abin da sammu. Bobin ne ko kwandansa da ya tsufa, wanda ke yanke wuta in ya ɗau zafi, ya dawo in ya huce.

Shi kansa bujin da ke cikin inji shaida ne. A kwance shi a duba bakinsa. In ya jiƙe da isansi, mai na zuwa, wuta ce babu, ko kuwa man ya yi yawa har ya shaƙe injin. Maganin shaƙewa a motar karbireta shi ne a take totur har ƙasa a riƙe, a murɗa makulli, ba a yi ta famfa shi ba. In bujin ya fito a bushe ƙayau bayan an sha juya inji, to mai bai iso ba, sai a koma wajen tanki.

Mai

Abu na farko abin kunya ne, amma dole a faɗe shi: a tabbata akwai mai. Allurar mai a tsohuwar mota ba abar amincewa ba ce. Bayan haka a buɗe murfin tanki a saurara. In aka ji ya ja iska da ƙarfi, ƙofar numfashin tankin ce ta toshe, famfo na ja mai ba ya zuwa. Sai a cire murfin matatar iska, a leƙa maƙogwaron karbireta, a motsa totur da hannu: ya kamata a ga siririn mai ya tsarto. In bai tsarto ba, a zare tiyon da ke shiga karbireta, a sa bakinsa cikin kwalba, a juya inji. Famfo mai lafiya zai tofo mai da ƙarfi. In ɗigo yake yi, matatar mai ta toshe ko famfon ya gaji.

Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, isansi kan tafasa a cikin tiyon da ya bi kusa da inji ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Motar da ta daɗe a layin duwan na Ɗan Issa inji na aiki, aka kashe ta, sannan ta ƙi tashi, sau da yawa wannan ne ciwonta. A buɗe murfin inji, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo, a jira.

Kwalbar nan da aka tara mai a ciki kada a zubar da ita, domin ita ce babbar mai shaida. A ajiye ta minti biyar a ɗaga ta a rana. Litar isansi ba ta kai nauyin litar ruwa ba, kusan kashi uku cikin huɗu take, kuma ba sa gauraya. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, a ga layi sarai tsakaninsu. Tsatsa da yashi su ma za su nuna kansu. Da yake daga gindin tanki famfo ke ja, ruwa kaɗan ya isa ya kashe mota.

Ruwa-ruwa

Wannan ya kawo zance kan abin da ya bambanta hanyar Ɗan Issa da sauran hanyoyi. Shekaru da dama gwamnatin Nijeriya na biyan tallafi a kan fetur, har ya zama ya fi na ko'ina araha a yankin. Kamfanin SONIDEP, wanda aka kafa a 1977, shi doka ta ba ikon shigo da mai a Nijar, amma a zahiri jarkoki da durom-durom da tankunan motoci da aka faɗaɗa su suka riƙa shayar da Maraɗi. Kwalaben da ake jerawa a bakin titi, waɗanda aka fi sani da ruwa-ruwa, sun ciyar da gidaje masu yawa. Ko buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a watan Nuwamban 2011, mai tace ganga 20,000 a yini, bai kawar da su ba. Haka ma rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, tsada suka ƙara masa, ba su tsayar da shi ba.

Abin da ya girgiza sana'ar shi ne jawabin Shugaba Bola Tinubu na ranar 29 ga Mayun 2023, inda ya janye tallafin. Cikin ƴan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. A watan Yulin 2024 kuma gwamnatin Nijar ta rage litar isansi daga sefa 540 zuwa 499. Jama'a suka koma gidajen mai, har bukata ta fi ƙarfin abin da matatar Damagaram ke fitarwa, aka shiga dogayen layuka a watan Maris na 2025. A lokacin ƙarancin mai kuwa kowa ya san inda ake komawa: wajen mai kwalba.

Adalci shi ne a ce man da ya ƙetaro iyaka ba shi da aibi don ya ƙetaro. Abin da ke ɓata shi hanyar da ya biyo ce: durom mai tsatsa, jarkar da aka ɗebi ruwa da ita jiya, mazurari marar mataci, kwalbar da ta yini a rana har mai sauƙin kamawa da ke cikinta ya tashi, da kuma marar tsoron Allah da ke ƙara kananzir don ya cika mudu. Gidan mai ma ba ya zama kariya kullum. A watan Fabrairun 2022 hukumomin Nijeriya da kansu suka bayyana cewa an shigo da fetur daga tashar Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa bayan ya lalata motoci. Saboda haka tambayar da ya kamata a yi wa duk motar da ta mutu ita ce: ina ta sha mai na ƙarshe, kuma tun yaushe? In ta fara tari kilomita kaɗan bayan an zuba mata, ba sai an je da nisa ba.

Direbobi suna da dabarar fita kunya: a ɗora jarka a kan rufin mota, a jawo tiyo kai tsaye zuwa karbireta. Tana kai mota gari, amma mai na ɗiga a kan inji mai zafi, ga fasinjoji a ciki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Iska, da masu shan gazuwal

Kowane kilo na isansi yana bukatar kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙone sosai. Da hunturu, in ƙura ta cika matatar iska, sai mota ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi, buji ya yi baƙi, ta yi ta mutuwa in an sassauta totur. A cire matatar a gwada: in ta tashi, an gane. Amma tafiya babu ita, a kan wannan ƙasa mai rairayi, daidai yake da zuba wa inji yashi da cokali.

Manyan motoci da sauran masu shan gazuwal ba su da buji mai tartsatsi, zafin matsi ne ke kunna mansu. Babban abokin gabarsu iska ce a cikin tiyo. In tanki ya ƙafe, ko wani mahaɗi ya saki, ko an cika tankin ba za ta tashi ba sai an sassauta ƙusar da ke kan matatar mai, an yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare. A gindin matatar kuma akwai wurin tsiyaye ruwa, wanda direbobi da yawa ba su taɓa buɗewa ba.

Motocin zamani

Motocin da ake saukewa a tashoshin Kwatano da Lome a yau ba su da karbireta ba su da delko. Kwamfuta ce ke auna mai da wuta. Duk da haka tambayoyin ba su canza ba. A murɗa makulli rabi a kasa kunne wajen kujerar baya: famfon lantarki da ke cikin tanki zai yi gunji na kamar daƙiƙa biyu. In shiru ne, a fara duba fis, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kafin a yi maganar sauke tanki. Shi wannan famfo man da yake ciki ne ke sanyaya shi, don haka mai al'adar zuba kwalba ɗaya ɗaya, tanki kullum a ƙafe, yana rage masa kwana. Cutar nan ta mutuwa da zafi da tashi bayan an huce tana nan ita ma, sai dai yanzu mai laifin yakan zama ƴar na'urar da ke gaya wa kwamfuta juyin inji. Makullin da aka yanka a kasuwa, wanda ba shi da ɗan ƙwayar da motar ta sani, yana juya inji amma ba ya tayar da shi. Mota mai canza giya da kanta kuwa ba a tayar da ita da turi, ko garin duka ya taru.

Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Turai ga masu shan isansi, doka ta tilasta a sa wa motoci wata kafa da ake jona na'urar bincike. Na'urar tana nuna unguwar da ciwon yake, ba lalle ta nuna gidan ba. Waya ɗaya da ɓera ya ci tana iya sa ta ambaci kayan da lafiyarsa ƙalau.

Lissafin mai mota

Tun karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, kayan gyara na asali suka yi wa talaka nisa, kasuwa ta cika da na gwanjo da na kwaikwayo. Wannan ya sa canza kaya da ka ya zama hasara biyu: an biya kuɗi, kuma sau da yawa an cire na asali mai lafiya an sa wanda bai kai shi ba. Mai mota yana da haƙƙin ya tambayi makaniki, cikin ladabi, wane gwaji ya yi kafin ya yanke hukunci, ya kuma karɓi tsohon kayan da aka cire. Makanikin da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Buji ɗaya na ajiya, matatar mai, ƴan fis, bel, sufana mai lamba 10 da mai lamba 13, tocila, farar kwalba da galan na ruwa ba su cika ko kwali guda ba. Wanda ya ɗauke su, ya kuma riƙe jerin nan a ka, wato yaya ta mutu, yaya take juyawa, akwai wuta, akwai mai, wane irin mai, yana da kyakkyawan zaton ya yi sallar magariba a Maraɗi ko a Jibiya, ba a gindin bishiya tsakaninsu ba. Allah ya kiyaye hanya.